Baba na shirin walima, ni kuwa ban gama jami'a ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, shekarata 26. Na shiga jami'a a 2019, aka ba ni kimiyyar sinadarai duk da likitanci na nema. Abokan karatuna sun gama, wasunsu har sun sa kakin bautar ƙasa. Ni kuwa kwas bakwai suka riƙe ni, CGPA ɗina, wato matsakaicin makin karatuna gaba ɗaya, 1.9. Da shekarar ƙari ta zo ban yi rijista ba, don ba ni da kuɗin, kuma na kasa buɗe baki in tambaya a gida. Na ce wa Baba sakamako ake jira. Yau wata goma sha ɗaya ke nan ina maimaita mashi wannan magana. Baba tsohon hedimasta ne, gonarshi ya jinginar lokacin da aka ƙara kuɗin makaranta, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a. Yanzu ya fara zancen walima, har ya ware rago. Wani abokina ya ce akwai mai samo mani digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin 'yan watanni. Wani lokacin kuma sai in ji gara in tsallaka iyakar Nijar ta Kwangwalam in shiga duniya. Barci ya ƙaurace mani. Malam, ina mafita?

Wani ɗanka daga Daura

Wa alaikumus salam, ɗana.

Za mu zo kan Baba da ragonshi, amma akwai abin da ya fi wannan gaggawa, kuma ban ga alamar ka san da shi ba a wasiƙarka.

A yawancin jami'o'in ƙasar nan, digirin shekara huɗu yana da wa'adi: shekarun karatu shida, daga nan a rufe fayil. Ka ci huɗu. Ta biyar ta wuce kana zaune a Daura, kuma kada ka ɗauka don ba ka yi rijista ba lissafi ya tsaya yana jiranka. Sau da yawa ana ƙirga shekarar ko ka zo ko ba ka zo ba, sai fa in ka rubuta takardar neman jingine karatu an amince maka, kai kuwa ba ka rubuta ba. Bayan wannan akwai wata doka a makarantu da dama, cewa ɗalibin da ya ɓace ba rijista ba izini na tsawon wani lokaci a jere, ana ɗaukarshi a matsayin wanda ya janye kanshi da kanshi. Ka ga ke nan mai yiwuwa shekara ɗaya tak ta rage maka, kuma tana iya kuɓucewa ranar da aka rufe rijistar bana. Kana kwance kana juyi kan yadda za ka dubi idon Baba, alhali ranar da ta fi wannan hatsari tana manne a allon sanarwa na sashenku, ba ka ma je ka karanta ba.

Don haka ranar Litinin mai zuwa ka kama mota. Ka fara da malamin da ke kula da ajinku, daga nan jami'in jarrabawa na sashen. Na riƙe irin wannan kujera shekaru a wata babbar makaranta a jihar nan, na san abin da ke cikin waɗannan fayil-fayil. Kada ka tsaya a bakin ƙofa kana tambayar ɗalibai, ka shiga ka yi sallama ka faɗi lambarka. Ka nemi a rubuta maka kwasa-kwasan da ake binka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zangon da ake yinshi da yawan yunit ɗinshi. Ka tambayi shekara nawa ta rage maka a wa'adi. Ka tambayi yadda ake gyara shekarar da ka tsallake, domin galibi takarda ce ake rubutawa ta hannun shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya, har ta kai majalisar jami'a. Ka tambayi nawa za ka biya gaba ɗaya, don wasu makarantun sai an haɗa da kuɗin shekarar da aka bari. Sannan ranar rufe rijista.

Kuma ka duba bakwai ɗin nan da idonka. Na sha ganin ɗalibi yana ɗauke da kwas a kanshi shekara biyu, da aka buɗe takardu sai aka ga makin gwajinshi ne ba a shigar ba, ko ya rubuta jarrabawa amma bai sa kwas ɗin a fom ɗin rijista ba. Ba ina sa maka rai ba ne cewa bakwai za su koma uku. Suna iya zama bakwai ɗin, suna ma iya zama takwas. Amma wata goma sha ɗaya kana tsoron abin da ba ka taɓa zama ka ƙirga ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Ka rubuto kamar kai kaɗai ne wannan abu ya taɓa samu a ƙasar Daura. Ina ma haka ne. Lokacin da muke samari, ɗan Katsina ko Daura da ke son digiri sai ya nufi Zariya ko Kano ko Sakkwato, kuma a unguwa guda da wuya ka ƙirga mutum biyar da suka je. Yau a cikin jihar nan kaɗai akwai Al-Qalam tun 2005, akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tun 2006, akwai ta Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga kuma ta sufuri a garinku. A faɗin ƙasa jami'o'i sun haura 270, kuma a 2025 matasa kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB. Wannan alheri ne, ba na raina shi. Ɗan manomi da ɗiyar mai faskare sun samu hanyar da iyayensu ba su ko yi mafarkinta ba. Abin da ke damuna shi ne duk hankalinmu yana kan shiga. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai a ɗauki hoto da doguwar riga, a watsa a WhatsApp na dangi, a yi ta sa albarka. Bayan shekara huɗu ko biyar ba mai komawa ya ɗauko wannan hoto ya ce, a cikin waɗannan yara su wa suka fita da takarda, su wa suka salwanta a hanya? Ni da nake haɗa sunayen masu kammalawa na san jerin ƙarshe kullum ya fi na farko gajarta, kuma waɗanda suka ɓace ba sa yin sallama. Wata ta yi aure a aji biyu, ciki da goyo suka sha kanta. Wani mahaifinshi ya rasu ya koma riƙon shago. Wani kuwa, kamar kai, yana nan da rai da lafiya a ɗakin zaure, gida na zaton ya gama. Ko a Amurka, da duk dukiyarsu, kusan ɗaya cikin uku na masu shiga digirin shekara huɗu ba sa kammala shi cikin shekara shida.

Ku kuma 'yan 2019 kun sha ta kowane ɓangare. Kuna aji ɗaya korona ta rufe makarantu, yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara. Na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Da aka dawo sai aka riƙa matse zango don a cike giɓi, abin da ya kamata a koyar cikin wata huɗu a dunƙule shi cikin 'yan makonni. Sai ga cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi sama, jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rijista a shekarar. Ina jin a nan ne gonar Baba ta tafi jingina. Ban kawo wannan don in wanke ka ba. Waɗanda suka sa kaki su ma a cikin wannan ruwa suka yi iyo. Na kawo shi ne don ka daina kallon kanka a matsayin la'anannen gida. Faɗuwa jarrabawa abu ne da ke da dalili, kuma abin da ke da dalili ana iya gyara shi.

To mene ne naka dalilin? Ba ka faɗa ba, amma akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da na tsaya a kanta: likitanci ka nema aka ba ka sinadarai. Na san wannan labari sarai. Yaro ya karɓi gurbin da aka ba shi don kada ya sake shekara a gida, yana cewa a ranshi zai canja daga baya. Aji ɗaya ya wuce yana jiran canji, bai riƙe abin da ke hannunshi ba, canjin kuma bai zo ba don shi ma maki mai kyau yake buƙata. Kafin ya farga kwasa-kwasan tushe sun kayar da shi, waɗanda ke bisa kansu kuma ba sa fahimtuwa sai da su, kariyoba, wato kwas ɗin da aka faɗi ake sake ɗauka, ta haifi kariyoba. In wannan ne ya same ka, ka yarda da shi tsakaninka da Allah. In kuma neman abin sawa a baka ne ya hana ka shiga aji, ko Turancin lakca ne ke wuce ka, ko abokai ne, ko waya, ka kira abin da sunanshi. Wanda ya koma bai san ramin da ya faɗa ba, cikinshi zai sake faɗawa, kai kuwa ba ka da shekarar da za ka yi asara.

Bari in gaya maka abin da ya fi kashe ɗaliban shekarar ƙari, don na gani da idona ba sau ɗaya ba. Kunya ce. Mutum ya ji ba zai iya zama aji ɗaya da yaran da ya girma ba, sai ya ƙi zuwa lakca, ya ƙi zuwa gwaji, ya ɓullo ranar jarrabawa kawai da hula a jaye. Alhali makin gwaji da aikin gida, wanda kuke kira CA, shi ne 30 ko 40 cikin ɗari, kuma doka a yawancin wurare ta ce sai ka halarci kashi 75 na darasi kafin ka cancanci zama jarrabawa. Wanda ya zubar da 30 tun kafin a raba takarda, da me zai haye? In Allah ya sa ka koma, ka zauna a layin gaba. Ka je wurin kowane malami a makon farko ka ce, Malam, ina bin wannan kwas ne karo na biyu, kuma shekarata ta ƙarshe ce. Ka nemi yaron da ya fi kowa ganewa a ajin, ko ƙanen bayanka ne, ka ce ya koya maka. Ka shiga darussan bita da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ke shiryawa, ka tara tambayoyin shekarun baya. Kwas bakwai a zango biyu ba kaya ne mai nauyi ba ga wanda ba shi da wani aiki sai su.

Ba zan ɓoye maka ba, da 1.9 a wannan mataki, ko duka bakwai ɗin ka ci A da wuya ka kai 2.40 da ake samun digiri mai daraja ta biyu da shi. Digiri mai daraja ta uku za ka fita da shi, in sha Allahu. Ka karɓe shi hannu bibbiyu. Ana zuwa bautar ƙasa da shi, kuma shekarunka ba su kai 30 ba balle a ce ka wuce. Jami'o'i da dama suna karɓar mai shi a babbar difloma ta bayan digiri, daga nan in ya yi ƙoƙari ya wuce digiri na biyu. Na san waɗanda suka bi wannan hanya suna riƙe da gidajensu yau.

Zancen Kwatano kuwa, ka rufe shi. A Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samo digiri daga can cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, kuma a farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Ko da ma ba a taɓa kama kowa ba, ka duba abin da abokin nan yake miƙo maka. Ƙaryar wata goma sha ɗaya ta hana ka barci, shi kuma yana ba ka wadda za ka ɗauka har kabari, ka ci albashi da ita, ka ciyar da 'ya'yanka da ita, gabanka na faɗuwa duk ranar da aka ce za a tantance ma'aikata. Kuɗin sayenta ma daga ina? Wata ƙaryar za ka sake yi wa Baba.

Maganar Kwangwalam ita ta fi tsaya mani a rai. Ɗana, in ka tsallaka, ba kunya ka ɗauke wa iyayenka ba. Ka bar su ne da kunyar, ka ƙara masu da zullumin ko kana raye. Mahaifiyarka za ta iya jure a ce ɗanta ya maimaita shekara. Abin da ba za ta iya jurewa ba shi ne ta riƙa zabura duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira. In rashin barcin nan ya ci gaba, ko ka ji zuciyarka ta fara raya maka abin da ya fi tafiya muni, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi a ranar, ka je asibiti ka ga likita. Damuwa ciwo ce kamar kowane ciwo, ana maganinta.

Yanzu Baba.

Za ka faɗa mashi, kuma kai da bakinka. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Jerin sunayen masu tafiya bautar ƙasa ba sirri ba ne, Daura kuma ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Tsohon hedimasta yana da ɗalibai a kowane ofis. Wata rana wani zai ce mashi cikin kyakkyawar niyya, Malam, ai ban ga sunan yaron nan ba. In ta wannan hanya ya ji, ciwon zai ninka.

Amma ka je makaranta tukuna, ka dawo da takarda a hannu, kada ratar ta wuce mako guda. Akwai bambanci tsakanin ɗan da ya zo da kuka kawai da wanda ya zo ya ce ga abin da ya faru, ga abin da ya rage, ga ranar da za a rufe. Kada ka ɗora wa mahaifiyarka nauyin riƙe maka sirri, za ka sa ta tsaka mai wuya tsakaninta da mijinta. In kana jin ƙafarka ba za ta kai ka kai kaɗai ba, ka sami Baffanka ko aminin Baba wanda yake jin nauyinshi, ka fara warware mashi, ya raka ka. Rakiya zai yi, ba shi zai yi magana a madadinka ba. Ku zaɓi bayan sallar isha'i, a ɗakinshi, ba ƙannenka a kusa.

In ka durƙusa, kada ka fara da yajin aiki ko tsadar rayuwa. Ka fara da laifinka. Ka ce, Baba, na zo neman gafara ne, na yi maka ƙarya, ban gama ba. Sai ka yi shiru ka bar shi ya ji abin. Bayani ya biyo baya in ya tambaya. Mutumin nan ya yi shekaru yana rubuta wa 'ya'yan mutane cewa su maimaita aji, ya san faɗuwa, ya kuma ga waɗanda suka faɗi suka tashi. Abin da zai soke shi ba kwas bakwai ba ne. Zai tuna sau nawa ya ce wa abokanshi a majalisa yaron ya gama, zai tuna duk safiyar da ka gaishe shi da wannan abu a cikinka. Yana iya yin faɗa, yana iya yin hawaye, yana iya ɗauke maka wuta na kwanaki. Duk wanda ya zo ka ɗauka, haƙƙinshi ne. Kada ka yi zuciya ka bar gidan. Kullum da asuba ka je ka gaishe shi ko bai amsa ba, ka ci gaba da yi mashi hidimar da ka saba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ma ya san haka.

Kada ka roƙi kuɗi a wannan zama. Ka nuna mashi adadin da ranar, ka gaya mashi abin da kai za ka iya nemowa. Akwai asusun lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati: ba kuɗin ruwa a cikinshi, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, suna ba ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Idan ka je, ka leƙa ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambaya ko sunanka na cikin waɗanda makarantar ta tura masu. Kada dai ka jingina rijistar bana da shi kaɗai, don amincewa tana ɗaukar lokaci. Duk aikin hannun da za ka samu kafin ranar, ka yi, ko dako ne a kasuwar Mai'aduwa. Ragon nan ma na san abin da ya zo maka a rai game da shi, ni ma ya zo mani. Kada ya fito daga bakinka. In Baba ya ga dama shi zai faɗa.

Idan kuma ka je aka ce wa'adi ya riga ya ƙare, to ka nemi takardar sakamakon shekarun da ka yi kafin ka baro. Akwai cibiyar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a Katsina da ake karatu ana sana'a, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a nan Daura. Wannan ma da shi za ka je gaban Baba, ba abin da ya canja a kan faɗa mashi.

Ga iyayen da ke karanta wannan shafi, ina roƙon abu ɗaya. Mu daina tsayawa a "Yaya karatu?" a ce mana "Alhamdu lillahi." Duk ƙarshen zango a ce yaro ya kawo takardar sakamako a gani, in ba a iya karantawa a kai wa wanda ya iya. Kuma ranar da ya kawo mai faɗuwa a ciki, a zauna da shi a tambaye shi abin da ya faru kafin a ɗaga murya. Da wannan yaro ya san akwai fuskar kawo kariyoba ɗaya gida tun yana aji ɗaya, da ba ta kai bakwai ba.

Ɗana, in za ka tafi ranar Litinin ka ɗauki katin shaidarka na ɗalibi, da takardar gurbin JAMB, da duk rasit da fom ɗin rijistar da ke hannunka tun daga aji ɗaya. Ka yi sammako, jami'an jarrabawa sun fi samuwa kafin azahar. In ka dawo ka rubuto mani kwas nawa ka tarar a takarda da ranar da za a rufe, in taya ka tsara wasiƙar da za ka kai wa shugaban sashe. Allah ya sanyaya zuciyar Baba a kanka, ya sa ka ga sunanka a jerin baɗi.